Sarƙar Da Ta Manne Wa Fure

Ƙas!

Ƙarar ko ta ƙyasta ashana ba ta kai ba, amma Halimatus Sa'adiyya ta ji ta sarai.

Ta sunkuyar da kai a hankali. Sarƙar zinaren da ta gama ɗaurawa a wuyanta yanzun nan ce ta karkace, ta je ta manne wa jan furen da ke maƙale a lafayarta, daidai saitin zuciya.

Ta janye ta da yatsa biyu. Ta saki.

Ƙas!

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un..."

Da wata yarinyar ce, dariya za ta yi, ta ce abin ya yi kyau. Ban da Sa'adiyya, don ita ta san abin da ta gani.

Duk unguwar Dogo Nini an san furanninta. Guntayen yadin da teloli ke zubarwa take tsintowa, ta yanka, ta naɗe, ta ɗinke, su fito kamar ka kai hanci. Amma ba kyan kaɗai ya sa mata ke mata sallama ba. Furenta babu fil, babu allura. Mayen ƙarfe ne ƙanana guda biyu, ɗaya ɗinke a bayan furen, ɗaya a sa ta cikin tufa, su kama juna gam, lafaya komai tsadarta ba ta huje ba. Dabarar Sharfaddeen ce, mai gyaran rediyo a bakin tasha. Daga matattun sifikun rediyo yake ɓalle su, ya goge, ya ƙunso mata a takarda. Ta nan soyayyar ta shigo, in kuna son sani.

Ranar da ya fara kawo mata su, da bakinsa ya ce, "Ƙarfe kaɗai yake ja, Sa'ata. Zinare da azurfa ko kallo ba su ishe shi ba." Har ta gwada da ɗan kunnen Innarta, ta ga gaskiyarsa.

To yau da safe danginsa suka kawo lefe, sarƙar nan kuma ita ce kan gaba, gadon marigayiya mahaifiyarsa, Hajiya Nuriyya. Ɗoki ne ya sa Sa'adiyya ta faki idon Inna ta shigo ɗakin akwatuna don ta gwada. Ga abin da ɗoki ya jawo mata.

"Kai, furen nan naki akwai son mutane."

Ta waiga a firgice.

Ummukulthum ce jingine da ƙofa, ƴar baffan Sharfaddeen, wadda tun suna yara ake tsokanarta da matar Sharfu har ta ɗauki maganar da gaske. Makulli ne rataye a yatsarta, tana kaɗa shi.

"Makullin babban akwatin na manta ban bayar ba," ta ce, idonta ƙur a ƙirjin Sa'adiyya. "Ashe har sarƙa ma ba ta iya wuce shi?"

"Zare ne ya sarƙe ta."

"Zare..." Ummukulthum ta yi wani murmushi mai sanyi. Ta miƙa hannu kan faifan furannin da ke bakin gado ta ɗauki fari guda ɗaya. "Ara min wannan. Na ji gobe Ya Aisa za ta dawo daga Fika ganin kaya, ko? Zan so in zo da kwalliyata."

Ta ajiye makullin ta fita, takalminta na ƙwas-ƙwas a tsakar gida.

Sa'adiyya ta zame ta zauna a ƙasa.

Ya Aisa! Kakarta ta wajen uba, tsohuwar da ko ɗanta Baba Babagana da furfurarsa ba ya ɗaga ido a gabanta. Tun farko ba ta so auren ba. Cewa ta yi jikarta ba ta rasa manema a dangin Barno ba, balle ta ƙare a hannun Bakano mai wasa da wayoyi. Da kyar da roƙo ta sauko, bayan an ce mata yaron zinaren uwarsa zai sa a lefe. Kuma talauci bai taɓa damun Ya Aisa ba, ƙarya ce ba ta yafewa. Auren Falmata, yayar Sa'adiyya, tukwane na kan wuta ta rushe shi, don kawai ta gano motar da angon ke zuwa zance da ita ta aro ce. Har yau Falmata na gida.

Idan gobe sarƙar nan ta yi tsalle a gaban tsohuwar, shi ke nan. Ita da Sharfu sai dai a mafarki.

Bayan magariba Sharfaddeen ya zo. An ɗauke wuta, sai ƴar fitilar ƙwai a zaure, harshenta na rawa.

"Sa'ata, yau ko murmushi babu? Kayan ne ba su yi miki ba?"

"Sun yi."

"Sarƙar fa? Kin gan ta?"

Ta ɗaga kai kawai.

Muryarsa ta yi laushi. "Kullum Umma ta ɗauko ta sai ta goge ta da gefen mayafinta. Ranar da za ta rasu ta damƙa min ita a asibiti, ta ce in ajiye wa matata. Ta so ta ƙara wata magana, har ta riƙe hannuna... tari ya hana ta."

Sa'adiyya ta ɗago ta dube shi.

"Sharfu... ka taɓa kai ta wajen maƙera sun duba?"

"Don me?" ya yi dariya. "Abin da ya kwanta a wuyan Umma zan kai wa wani ƙato ya ƙwanƙwasa?"

Ta ƙura masa ido tana neman ƙarya a fuskarsa. Wallahi da ta samu da ta ji sauƙi, don da sai ta tsane shi ta huta. Babu. So ne zalla, da maraici. Ta buɗe baki za ta faɗa, sai ta ga yadda yake shafa gefen idonsa da babban yatsa, maganar ta koma ciki.

Wata tirelar shanu ta wuce ta babban titi, bangon zauren ya ɗauki karkarwa.

"Me ke damunki, masoyiyata?"

"Sanyi nake ji," ta ce, alhali gumi ne ke bin bayanta.

Washegari da hantsi tsakar gida ta cika. Ya Aisa na zaune kan darduma, ƙamshin turaren wuta ya turnuƙe ko'ina, ana buɗe mata akwatuna ɗaya bayan ɗaya. Hajiya Auta, ƙanwar marigayiya, ta zo gaisuwa, sai sharce zufa take yi. Kusa da ita ga Ummukulthum. Ba ta maƙala farin furen a mayafi ba. A tafin hannunta yake, tana murza shi.

Sa'adiyya na leƙe ta bayan labule. Ta ga an ciro ɗan akwatin sarƙar. Ta ga yana yawo hannu zuwa hannu, mata na ta sa albarka, yana matsowa inda Ummukulthum take. Saura mace biyu. Saura ɗaya...

Ta yaye labulen.

"Ke! Amarya a wajen ganin lefe?" Inna ta daka mata tsawa. "Koma ciki!"

Ba ta koma ba. Ta karɓe akwatin daga hannun matar ƙarshe, ta je ta durƙusa gaban kakarta, hawaye na ɗiga kan darduma.

"Ya Aisa, kafin wani ya nuna miki, gara ki gani daga hannuna."

Ta cire jan furen daga ƙirjinta ta kawo shi saman sarƙar.

Ƙas!

Sarƙar ta tashi ta rataye a jikin furen tana lilo. Tsakar gida ta yi tsit, har kukan akuyar maƙwabta ana ji.

"Ƙarfe ce," in ji Sa'adiyya. "Ruwan zinare aka shafa mata. Amma na rantse da Allah bai sani ba!"

"Ai ni dama tun jiya na..." Ummukulthum ta fara.

"Ke kuma," Ya Aisa ta katse ta da Hausarta mai nauyin harshen Barno, ko kallonta ba ta yi ba, "abin da kike murzawa a hannu tun ɗazu na gani. Yi mana shiru." Sannan ta ce, "A rufe akwatunan. A kira min yaron."

Daga shago aka taso shi, hannunsa duk baƙin dalma. Ya tsuguna daga bakin ƙofa. Babu wanda ya yi masa bayani, sarƙar da furen kawai aka tura gabansa. Ya ɓamɓare ta, ya saki. Ya sake. A karo na uku fuskarsa ta zama kamar an yayyafa mata toka.

"Wa ya canja ta?" ya ce. "Wa ya taɓa kayan Umma?"

"Babu wanda ya canja, Sharfu."

Hajiya Auta ce. Ta ja mayafi ta rufe fuska, kuka ya ƙwace mata.

"Ka tuna shekarar da mahaifinka ya rantse ba zai sa hannu a gyaran rediyo ba, ya ce a gidansu yadi ake sayarwa? Kayan aikinka da shagonka, ka ɗauka daga ina suka fito? Ta ce maka adashi ta kwasa. Ni ta aika Kano da ta gaskiyar na sayar, na sa aka ƙera mata wannan. Ita ta yi ta sawa a gaban mata har ta koma ga Allah. Da na ga ka ɗauko ta da murna za ka sa a lefe... bakina ya mutu, ɗana. Na kasa."

Sharfaddeen ya dubi hannayensa kamar yau ya fara ganinsu.

"Kenan abin da take son gaya min ke nan..." Ya kifa kai a gwiwa, kafaɗunsa na jijjiga. Kai, kukan namiji babu daɗin ji. Can ya ɗago. "Ya Aisa, ku mayar da kayan. Na kawo muku ƙarya har cikin gida."

Sa'adiyya ta juya ta dubi kakarta.

Tsohuwar ta ɗauki sarƙar ta daɗe tana juya ta. Ta kai yatsa inda ruwan zinaren ya koɗe saboda yawan guga da gefen mayafi.

"Na Falmata ya san motar ba tasa ba ce," ta ce a hankali. "Wannan bai sani ba. Jikata ta sani, kuma ta faɗa." Ta ɗago jajayen idanunta. "Amma ni ba a kiran ƙarfe zinare a gidana. Duk matar da ta zo ganin kayan nan, a gaya mata mece ce. Ke kuma da ita za ki fita ranar biki, a gaban kowa. Za ki iya?"

"Zan iya, Ya Aisa."

"Za su yi da ke."

"Su yi."

Kuma sun yi ɗin! Kafin la'asar zancen ya karaɗe Dogo Nini, kafin ranar kasuwa ya kai garin Gadaka. Amaryar ƙarfe, haka suka laƙaba mata. Ummukulthum kuwa ko kamu ba ta zo ba.

Ranar walima Sharfaddeen ya same ta an gama naɗa mata lafaya, sarƙar na wuyanta. Idonsa ya ciko.

"Cire ta, Sa'ata. Mata sun cika waje, kowacce wuyanki ta zo kallo. Na yi miki alkawari zan saya miki ta gaske."

Ta ɗauki jan furen, ta zura ɗaya mayen ƙarfen ta cikin lafaya, ta haɗa su daidai saitin zuciyarta.

Ƙas!

"Da ta zinaren ce, zamewa za ta yi ta wuce ni," ta ce, tana goge sarƙar da gefen mayafinta. "Ta Umma kuwa, duba ka gani. Ta ƙi sakina."