Matan Yumɓu Marasa Baki

Saura mako uku bikin Theresa da Dawuda, Mama Dinah, mahaifiyar angon, ta zo gidan su Theresa daga garin Dabai da rana tsaka. Ba kowa a tsakar gida, sai wani nishi-nishi da ke fitowa daga ɗakin baya. Ta tura ƙofar.

Mata ne na yumɓu jere a ƙasa, sun kai ashirin, duk ba su da baki. Iska ke shiga ta ramukan idanunsu tana fita da wannan kukan. Ta ƙarshen ko bushewa ba ta yi ba, ga tabon goshinta sak na Mama Dinah! A ƙasar nan kuwa kowa ya san a kan kabari ake ajiye mutum-mutumin yumɓu.

Ihunta ne ya dawo da masoyan daga rijiya a guje.

"Da raina ta gina mini na kabari! Dawuda, in ka aure ta, ba ni ba kai!"

Dawuda bawan Allah! Shekara bakwai yana noman golmo, wato noman sadaki, a gonar surukinsa don ya sami yarinyar nan.

"Haba Mama, aikinta ne fa na kwaleji—"

"Rufe mini baki!"

Theresa ta durƙusa tana hawaye har tsohuwar ta gaji da zagi.

"Mama, ba matattu ba ne, rayayyu ne da aka hana magana. Waccan innata ce, waccan yayata. Ke kuma, ina ƙarama na gan ki ranar da dangin marigayi baban Dawuda suka raba gonarsa a gabanki. Kina tsaye, ba ki ce uffan ba."

Mama Dinah ta daɗe tana kallon ɗanyar fuskar, sannan ta zari tsinken tsintsiya ta tsaga mata baki.

"Gonar nan tare da babanka muka share ta, ina goye da kai, Dawuda. Shekara goma sha biyar ba wanda ya tambaye ni, har kai." Ta fashe da kuka, ta ɗago Theresa. "Tashi ɗiyata, ki yafe mini."

Aka sha biki a ranar da aka sa. Haƙurin Theresa ya biya, amma dai a kula: haƙuri daban, haɗiye magana daban. Kafin ka yaba wa mace don ta yi shiru, tambaye ta abin da ke ranta.