Faifan da Yaya Ya Kawo

Magariba ta kawo jiki, Auta yana tattara kayan aikinsa zai rufe shago, sai ya ji tari a bakin ƙofa. Tun kafin ya ɗago ya gane mai shi. Yayansa ne, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda ya yi wata da watanni yana fama da ciwon ƙirjin da asibiti ya kasa gane kansa.

Shagon ɗan ƙuƙut ne a ƙarƙashin matakalar wani bene, cike da matattun talabijin da rediyo da warin dalma. A nan Auta yake gyara, kuma a duk layin babu wanda ya kai shi sanin cikin na'urar gem, ta wasan bidiyo. Ya yi tsalle ya jawo kujera.

"Yaya! Kai da ko ƙofar gida ba ka iya kaiwa? Shigo ka zauna mana."

"Bar ni a nan, iska nake sha," in ji Yaya. Muryarsa ta dishe, kowace kalma sai ya tsaya ya nemo mata numfashi. Ya miƙo wani abu naɗe cikin tsohon tawul. "Gem ne na saya a gwanjo. Irin namu na da. Ya ƙi karanta faifai."

Auta ya buɗe, sai murmushi ya kama shi. Iri ɗaya ne da wanda suka taso da shi, lokacin da Yaya yakan ba shi hannun gem ɗin da ba a jona ba, ya bar shi yana ta danne-danne yana ihun ya ci. Duk da wannan zaluncin, a duniya babu wanda Auta yake ji da shi kamar yayan nan nasa. Da Yaya zai ce masa ya shiga rijiya, sai dai ya tambaya ko da takalmi.

Ya jona na'urar da ƙaramar talabijin ta kan tebur, ya kunna. Faifan ya juya, ya yi ƙas, ƙas, ya tsaya. Allon ya nuna babu faifai.

"Ido ne ya yi datti," in ji Auta. Ya kwance murfin, ya tsoma auduga a sifirit, ya goge ɗan gilashin da yake karatu a hankali. Ya ɗiga mai a kan ƙarfen da idon yake tafiya. Ya sake gwadawa. Ƙas, ƙas, shiru. Ya kifa na'urar ta kwanta da ka, tsohuwar dabarar da take ta da gajiyayyen ido, amma ko gezau. Daga nan ya ɗauko wani faifai nasa na gwaji ya saka, nan take ya tashi har da kiɗa.

"To Yaya, injin lafiyarsa ƙalau. Faifanka ne matsalar."

Ya ɗaga faifan a hasken ƙwan lantarki. Babu rubutu a bayansa, babu ko ƙwarzane ɗaya a cikinsa. Sanyi ne da shi kamar an ciro shi daga firji, kuma yana wani wari irin na ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba.

"Hura masa," in ji Yaya daga bakin ƙofa.

Auta ya yi dariya. "Haba Yaya, ai wannan aikin yara ne. Huci danshi ne, ɓata faifai yake yi. Ni da nake hana mutane?"

"Haka muke yi a da, kuma yana tashi." Yaya ya yi tari mai tsawo, ya dafa bango. "Don Allah, Autan Umma. So nake mu buga ko sau ɗaya, kamar da. Ban san ko zan ƙara samun dama ba."

Maganar ta soki Auta a zuciya. Ya dubi ƙasusuwan wuyan ɗan'uwansa da yadda riga ta yi masa yawa, ya ji ƙwalla na neman zubo masa. Wace doka ce ta sana'a za ta tsaya a gaban wannan? Ya kawo faifan daf da bakinsa, ya buɗe baki, ya huce masa.

Tururin ya kwanta a kan faifan. Ya kama bakin riga zai goge, sai ya ga tururin yana tafiya da kansa, yana taruwa zuwa ramin tsakiya. Ya shige ciki ya ɓace.

A bakin ƙofa, Yaya ya ja numfashi. Dogo, mai daɗi, babu ko kakari. Auta ya ji, amma hannunsa ya riga ya sa faifan ya rufe murfi.

Wannan karon babu ƙas. Faifan ya ɗauki gudu da wani siririn kuka. Allon ya yi baƙi, sannan hoto ya fito a hankali. Tebur ne, da tarin rediyo, da wani mutum a zaune ya ba da baya.

Rigar Auta ce. Ƙeyarsa ce.

Kusa da shi, a kan kujerar da ya jawo wa Yaya, akwai wani a zaune. Dogo ne, kansa ya kusa taɓa rufi, ya sunkuyo. Yatsunsa sun zagaye hannun gem na biyu har sun haɗu ta baya.

Auta ya waiga. Kujerar babu kowa, amma katakonta yana ƙara kamar an ɗora masa buhu. Wayar hannun gem na biyun ta miƙe a iska.

"Yaya," ya faɗa a hankali. "Yaya, kana gani?"

Fankar na'urar ta canza murya. Ta daina hurowa, ta koma zuƙa. Duk zuƙa ɗaya, sai Auta ya ji ƙirjinsa ya lotsa, kamar ana matse soso.

Ya fizge waya daga soket. Talabijin ba ta mutu ba. Faifan bai tsaya ba.

A allon, dogon ya juyo da kai. Wani sanyi ya sauka a kunnen Auta na hagu, da warin rufaffen ɗakin nan.

"Ƙara," aka raɗa masa.

Ya buɗe baki zai yi salati, iska ta ƙi isa. Ya zame daga kujera ya faɗi a kan gwiwa. A nan ne ya ji ƙarar da har gobe ta fi muryar nan yi masa ciwo: ƙofar ƙarfen shagon tana sauka. Yaya ne yake janta daga waje, da hannu biyu, da ƙarfin da ɗazu ba shi da shi.

Idonsu ya haɗu ta ƙasan ƙofar.

"Yi haƙuri," in ji Yaya, muryarsa garau.

Ƙofar ta cije a rabi, yadda ta saba idan ba a ɗaga gefenta ba. Yaya ya jijjiga ta, ta ƙi. Ya sake ta ya ruga. Mutumin da ko tsakar gida ba ya iya ƙetarawa, ga shi yana gudu.

Auta ya ja ciki ya nufi ƙofa. Wayoyi suna harɗe masa ƙafa. Gani ya fara dushewa. Wani abu mai sanyi ya riƙe masa idon sawu.

Ya miƙa hannu waje, ya daki ƙarfen ƙofar.

Telan da yake shagon kusa ne ya ji bugun, ya zo ya kama wuyan hannunsa ya finciko shi kan titi. Ya ce da ya leƙa ciki babu abin da ya gani sai talabijin a kashe.

Auta ya rayu, amma da rabin numfashi. Ya bar shagon, domin duk wanda ya shiga da niyyar fitar da na'urar sai ya fito yana haki. Yanzu matakala uku ma sai ya zauna ya huta, kuma kullum rana ta faɗi yakan ji siririn kukan faifai a cikin ƙirjinsa. Yaya kuwa ya murmure, kumatu sun dawo, Umma tana ta godiya ga Allah da ya tashi kafaɗar babban ɗanta. Auta bai gaya mata komai ba.

Sau ɗaya ya tare Yaya a bayan gida, inda babu mai jin su.

"Me ya sa ni? Ga masu gyara cike da gari."

Yaya ya dubi ƙasa. "Na kai wa wasu. Sun hura, bai karɓa ba. Wanda ya sayar mini da faifan ya ce ba ya shan numfashin baƙo, sai na wanda ya yarda da kai har zuciya." Ya ɗago kai. "Na duba ko'ina, Auta. Kai kaɗai gare ni."