Jirin Juniper

"Allura kawai za ki yi mata ta huta, Dakta. Muna sauri."

Na ɗago na dubi mai maganar. Farce zaƙo-zaƙo, ta toshe hanci da gyale, tana riƙe da kejin kyanwa da yatsu biyu kamar kayan shara.

A bayanta kuma Wendell ne tsaye.

Wendell Prescott. Shekara huɗu muna soyayya, mahaifiyarsa ta ce ɗanta ba zai auri mai warin karnuka ba, ya ce to, ya bar ni a garin Duluth ko waiwaye bai yi ba.

"Linnea..." ya ce a hankali.

"Dakta Haugen," na gyara masa.

Matar ta maƙale hannunsa. "Ni ce Brielle, wadda zai aura. Ko ba haka ba, zumata?"

Na buɗe kejin. Juniper ce, kyanwarsa tun yana jami'a, yanzu shekararta sha shida. Kanta ya karkace hagu. Ta yi taku biyu a kan tebur ta kife, ƙwayar idonta na ta kai-komo.

"Yaushe ta fara?"

"Shekaranjiya," in ji Wendell. "Ta faɗo daga kan kujera, ta yi amai. Brielle ta kai ta wani asibiti, aka ce ƙari ne a ƙwaƙwalwa."

"Wane asibiti?"

"Na manta sunan," Brielle ta yi caraf.

"Ina hoton da suka ɗauka?"

"Kai, wannan tambayoyi! Tsohuwar mage ce fa. Momin Wendell ma ta ce ba za ta ɓata mata sabon kafet ba."

Na ja tsaki. Na kama ƙafar Juniper ta gaba na kifa bayan tafin a kan tebur, nan take ta gyara. Na bi ƙafafu huɗun ɗaya bayan ɗaya, kowacce ta gyara. Na kira sunanta, ta juyo ta goga min kai, hankalinta ras. Na gwada jininta, lafiya lau. Da na haska kunnen hagu, sai ga shi ya yi jawur, cike da mugunya.

"Ba alamar ciwon ƙwaƙwalwa a nan. Kunnenta ne ya ruɓe har can ciki, shi ke sa ta jiri. Ko ɗalibin likita ya leƙa zai gani." Na zuba wa Brielle ido. "Babu likitan da ya taɓa kyanwar nan."

Wendell ya juya. "Brielle?"

"Ka ce in zaɓi gida, na zaɓa! Da gashin mage zan fara zaman aure? Momi ce ma ta ce in faɗi haka!"

Ta fizgi jakarta ta fice, takalminta na ƙwas-ƙwas.

Shi kuwa ya sulale kan kujera ya dafe kai. Ni ko tausayinsa ban ji ba. Ƙato da gemu, an ce masa kashe, ya ɗauko ya kawo.

Kwana biyar na riƙe Juniper ina ba ta magani, ina ciyar da ita da hannu. Cikin sati uku ta miƙe, sai ɗan karkacewar kai da ya rage.

Ranar da ya kawo ta a sake dubawa, ya zo da furanni.

"Na fasa auren, Linnea. Na faɗa wa Momi komai. Ke nake so, ban taɓa daina sonki ba, rabin raina..."

Ba zan yi ƙarya ba. Shekara biyu ina mafarkin jin wannan magana. Amma da na dube shi sosai, ya tsaya yana jira in faɗa masa abin da zai yi, sai na ji abin ya fita daga raina sarai.

Na miƙa masa kwalbar maganin.

"Sau biyu a rana. Kada ta hau bene."

"Ni kuma fa?"

"Bayan wata shida a dawo min da ita." Na buɗe masa ƙofa. "Ka aiko wani ya kawo ta."