Abin da Jibril Ya Rubuta a Zauren Malam Tanko

A daminar 1978 magana ta zagaye unguwar Kwarbai ta Zariya cewa Jibril, saurayin nan mai aikin gyaran rubutu a maɗaba'a, ɗan sandan ciki ne. Hujjar mutane agogo da littafi. Duk la'asar yakan zauna a zauren Malam Tanko mai ɗinkin riguna, ya kwance agogo ya ɗora a gwiwa, dattawa na hira yana zana wasu 'yan ƙugiyoyi, ba boko ba, ba ajami ba. Kowa ya ji an ce. In ka tare mutum ka tambaye shi wa ya ce, sai ya tuna bai yi sallah ba.

Maijidda, 'yar Malam Tanko, ta fi kowa jin zafin maganar, don saboda ita Jibril ya saba da zauren. Ranar farko riga ya kawo ɗinki, ita kuma ta dawo daga makarantar da take koyarwa, rungume da littattafan yara. Ya matsa ya ba ta hanya, ya ga jan biro ya ɓata mata yatsu, sai ya ɗaga nasa, su ma jajaye.

"Ashe sana'armu ɗaya, Malama. Neman kuskuren mutane."

"Ni na yara nake nema, su suna gyaruwa," ta ce, ta shige gida tana danne murmushi.

Riga ta ɗinku, Jibril bai daina zuwa ba. Har an sa ranar da manyansa za su zo tambayar aure, sai Inuwa, ɗan ƙanwar Malam Tanko, wanda ya daɗe yana hangen Maijidda, ya shigo da tasa.

"Kawu, ka taɓa jin ya sa baki a hira? Sai rubutu. Kuma ni da idona na gan shi a gidan waya da ƙaton ambulan, adireshin Legas."

Malam Tanko ya yi wata tara a kurkuku zamanin siyasar farko, saboda wani ya kwashi hirar zaure ya kai gaba. Bai nemi ƙarin bayani ba.

"Maijidda, ki gaya wa yaron nan ya bar mini zaure. Manyansa ma su huta. Mai zama shiru irinsa ne ya ɗaure ni."

Mutane na ɗauka budurwa in tana so ba ta bincike. Maijidda tana so, amma ba ta yarda da Inuwa ba, ba ta kuma wanke Jibril ba. Agogon me? Me ya sa duk ranar da Baba ya taɓo sojoji hannunsa ya fi sauri? Ta rubuta masa wasiƙa zuwa wurin aiki:

"Edita, Baba ya hana ka zaure. Ni ban hana ka ba tukuna. Ka ce kana tace wani rahoto. Ka kawo mini shi duka ranar Alhamis bayan la'asar, gidan Gwaggo Hajo a Ƙofar Kuyambana, har da ɗan littafin nan. In ka bar shafi ɗaya a gida, ka zauna tare da shi. Maijidda."

Amsa ta zo mata makaranta:

"Jiddata, zan kawo har da takardar da nake gwada biro a kai. Kwana uku ban gyara layi ɗaya daidai ba. Naki, Jibril."

Gwaggo Hajo, yayar Malam Tanko, ta shimfiɗa musu tabarma a soro, ta zauna bakin ƙofa tana tsince shinkafa, kunnenta na wurinsu.

Jibril ya yi bayani. Baɗi sojoji za su miƙa mulki, Majalisar Ƙasa za ta zauna, kuma duk abin da wakili ya faɗa sai an rubuta, an gyara, an buga, ya fito washegari. Wani kwamiti ya rubuta rahoto kan injin nawa za a saya, marubuta nawa za a horar, aka ba shi ya tace. A wani babi suka ce ba za a iya kama Hausa da gajeren rubutun nan na ofis ba, mai 'yan ƙugiyoyin da ake bin saurin magana da su.

"Ba su gwada ba, Jidda, cewa kawai suka yi. Ni na gwada. Baba na yin kalma tamanin a minti in ana zancen ruwan sama. In aka taɓo mulki, ɗari da arba'in. Kuma ba wadda ta tsere mini."

"Ka tambaye shi kafin ka gwada?"

"In na tambaya ai zai riƙa zaɓen magana, gwajin ya ɓaci."

Maijidda ta jawo takardun gabanta. Ta bi rahoton shafi-shafi. Injuna, takarda, tawada, masu aikin dare da rana. Zuciyarta ta fara sanyi, har ta kama masa kuskure biyu ta nuna masa da baki. Sai ta buɗe rataye na uku.

An buga shi tsaf da tafireta: Samfurin Magana. Malam Tanko, mai ɗinki, Kwarbai, Zariya. Ƙarƙashinsa shafi biyu cur na mahaifinta yana cewa masu kaki ba za su sauka ba, kujera ta yi musu daɗi, yana kiran wasu da suna.

"Wannan fa?"

"Hujja ce, Malamata. Rahoton da ba hujja ai hira ne."

"Wa zai karanta?"

"Kwamiti. Daga nan sai..." Ya tsaya.

"Sai wa, Edita?"

"Wani kanar ne zai sa hannu."

Gwaggo Hajo ta ajiye faifai. "Innalillahi! Kai yaro, da iliminka?"

Jibril ya karɓi takardar ya karanta kamar yau ya fara ganinta.

"Wallahi, Jidda, sau huɗu na bi shafin nan. Waƙafi nake nema, da harafin da ya faɗi. Ban ji abin da yake cewa ba."

"Yaushe za ka aika?"

"Litinin."

Ta miƙa hannu. Ya ciro jan bironsa ya ba ta, ta ja layi daga kusurwa zuwa kusurwa, shafi biyun duka.

"Ban gama da kai ba. Kai za ka karanta wa Baba wannan da bakinka."

"In ya kore ni fa?"

"Sai ka koru. Ni ba zan shiga gidanka da abin da na ɓoye masa ba."

Washegari da la'asar Jibril ya durƙusa a zaure ya faɗi komai, sannan ya karanta. Maijidda na tsaye bayan labule. Malam Tanko ya soke allura a jikin riga, ya saurara har ƙarshe. Sannan ya ɗago kai.

"Haka na faɗa?"

"Haka, Baba."

"Ba ka ƙara ba, ba ka rage ba. Wancan da ya ɗaure ni, rabin abin da ya kai ƙirƙira ya yi." Ya kalle shi sama da ƙasa. "Kai ba munafuki ba ne. Wawa ne kai, kuma wawa ya fi saurin kai mutum kurkuku. Wa ya gano?"

"Maijidda."

"To, ka ga abin da ya sa ba zan bar ka ka yi yawo kai kaɗai ba."

Ya buɗe dutsen guga, ya cusa shafukan da ɗan littafin cikin garwashi, wuta ta cinye su.

"Magana kake nema a kai Legas? Ɗauko agogonka. Ban da sunana."

Minti goma Malam Tanko yana bayanin yadda ake ɗinka aska takwas a wuyan riga, yana sauri da gangan, Jibril na binsa da fensir. Bai sauya murya ba ya ƙarasa da cewa, "Kuma manyanka su zo Juma'a mai zuwa. Ka kama wannan?"

"Ta shiga, Baba," in ji Jibril.

Bayan Babbar Sallah aka ɗaura aure, Inuwa ma ya zo ya ci goro. Gwaggo Hajo ta kama hannun amarya ta sa a na ango, ta ce Allah ya ba da zaman lafiya, ya kawo zuri'a mai albarka, aka amsa da amin.

Jibril bai taɓa yi wa kowa leƙen asiri ba. Amma maganar Malam Tanko, da sunansa da unguwarsa, saura kwana huɗu ta tafi teburin kanar a Legas, kuma Maijidda ce ta cire ta.