Miyar Lahadi a Gidan Cataldo

Gara a faɗa tun da wuri, Cosimo mutum ne mai cewa "gobe". Gyaran lantarki ne sana'arsa, kuma babu gida a unguwar maginan tukwane ta garin Grottaglie da bai shiga da jakarsa ba, ban da gidansu. Ƙararrawar ƙofarsu ta daɗe da yin shiru. Soket ɗin jikin tagar kicin ya mutu tun mahaifiyarsa Addolorata tana da ƙarfin yi masa tsawa a kai. Ta yi tsawar har ta gaji, ta rasu, soket yana nan yadda yake. Sai kuma ɗaurin aurensa da budurwarsa Nunzia, wanda shi ma ya shiga layin abubuwan da ke jiran gyara.

Amma wannan na ƙarshen ba laifinsa ba ne shi kaɗai.

Ranar da aka kai Addolorata makabarta, mijinta Cataldo ya murɗe kan tukunyar gas, ya ɗauko ƙyallen da take ɗaurawa a gaba in za ta yi girki, ya shimfiɗa a kan murhu.  Gidan makoki ba ya hura wuta, maƙwabta ne ke kawo abinci. Sai dai kwanaki kaɗan ake yi a ɗage ƙyallen. Cataldo bai ɗage ba. Aka yi girbin zaitun, aka yi Kirsimeti, aka yi Ista, maƙwabta suka gaji suka karɓe kwanukansu. Uba da ɗa suka koma burodi da cuku da kifin gwangwani, suna ci a tsaye, kowa yana kallon nasa bangon.

Kuma ba a ɗaura aure daga gidan da murhunsa yake rufe. Babu littafin da ya faɗi haka. Kowa dai ya sani.

Wata Lahadi, gari bai gama wayewa ba, aka fara dukan ƙofa da ƙafa.

"Mimino! Buɗe mana, hannuna zai cire!"

Mutum biyu ne kawai suke kiran Cosimo da wannan sunan, kuma ɗaya ta mutu. Ya buɗe. Nunzia ce, rungume da wata farar na'ura mai murfin gilashi, igiyarta tana jan ƙasa.

"Mene ne wannan?"

"Barka da asuba, rabin raina, ka kwana lafiya, kawo in taya ki... Haka mutane suke cewa. Matsa!"

Cataldo yana zaune a kicin cikin baƙar rigarsa, kamar kullum, kusa da murhun da ba ya aiki. Shekarunsa na ƙuruciya duk a kan yumɓu suka ƙare, har yanzu yatsunsa a lanƙwashe suke kamar suna riƙe da bakin tulu. Ya dubi abin da aka ajiye masa a kan kanta.

"Injin wanki ne?"

"Tukunya ce, Baba Cataldo."

"Tukunya mai wutsiya."

"Da lantarki take aiki. Ba ruwanta da murhu, ba ashana, ba gas. A hankali take dafawa, ita kaɗai."

Tsohon ya miƙe, ya ɗaga murfin, ya ƙwanƙwasa kwanon cikin da farce, ya kasa kunne.

"Yumɓun kamfani. Hannun ɗan Adam bai taɓa shi ba." Ya leƙa. Naɗin naman sa ne, an cusa masa tafarnuwa da cuku an ɗaure da zare, ga haƙarƙarin rago, ga albasa, duk kwance cikin ruwan tumatir. "Wa ya soya naman?"

"Ni. A gidanmu, a kan namu murhun. Ban taɓa maka dokarka ba."

"Wa zai tsaya yana juyawa?"

"Ba a juyawa."

"Ba a..." Ya waiwayo ya dubi ɗansa. "Kana ji? Uwarka tun kafin ƙararrawar coci ta farko take tsaye da cokalin katako. Sauraron miya take yi. Kumfa ɗaya ta fashe, shiru... wata ta fashe, shiru. In biyu suka fashe tare sai ta ce wuta ta yi yawa. Yau ga miyar da ba a juyawa!"

"Kuma ba a buɗewa," in ji Nunzia. "In ka buɗe, zafin ya gudu. Don Allah, Baba, kar ka buɗe."

"To ta ina za a tsoma burodi a ɗanɗana?"

"Ba a tsomawa."

"Wannan ba miya ba ce, 'yar nan. Kurkuku ne."

Cosimo ya san ya kamata ya sa baki, sai dai bai san wa zai goya wa baya ba. Ya fita soro neman makullin mota, wanda ke cikin aljihunsa. Daga can ya ji muryarta ta sauka.

"Mama Addolorata ta ce in zo ta koya mini. Sau da yawa ta faɗa. Na ce mata sai bayan biki, akwai lokaci... Ban koya ba, Baba. Wannan kaɗai na iya."

 Sai ƙarar murɗa maɓalli, sannan takunta.

A bakin ƙofa ta tsaya tana gyara mayafin coci, ba ta dube shi ba.

"Yau ce ta ƙarshe, Mimino. In bai zauna a tebur ya ci ba, na gama."

"A hankali, zai ji."

"Babanka kurma ne."

Gaskiya ne. Cataldo kurma ne in ana maganar likita ko maganin hawan jini.

Suka je coci. Cosimo ya tashi lokacin da aka tashi, ya durƙusa lokacin da aka durƙusa. Tun ranar jana'iza haka yake, kamar an cusa masa auduga a ƙirji. Bai yi kuka ba a ranar, bai yi ba bayanta. Mutane suka ce ai namiji ne. Shi ya san ba jarumta ba ce, abin ne kawai bai zo ba, kamar motar haya da ake jira a tashar da aka daina bi.

Daga coci suka wuce makabarta. Nunzia ta zubar da tsohon ruwan furanni, ta goge hoton Addolorata da ke jikin kabarin da gefen mayafinta. Shi ya riƙe mata jaka.

"Yayata ta sake kira daga birnin Torino," ta ce. "Kantin maganin da take aiki suna neman mutum. Sun ce gobe suke son in ba su amsa."

"Gobe?"

"Ai kalmarka ce. Na ɗauka za ta yi maka daɗi."

"Nunzia..."

"Kar ka ce mini in ƙara haƙuri! Na jira ka gama biyan mota, na jira. Na jira Mama ta warke, na jira. Yanzu murhu nake jira! Shekaruna ba su san murhun babanka ba, Mimino. Ina son in riƙe ɗana tun hannuna bai fara rawa ba."

"Ba zan iya barinsa shi kaɗai ba."

"Wa ya ce ka bar shi? Na ce zan zauna a gidan! Zan wanke masa baƙar rigar nan da ta kusa tsayawa da ƙafarta! Abu ɗaya na roƙa, ka buɗe baki ka ce masa, Baba, ya isa."

Ya dubi hoton mahaifiyarsa. Tana kallonsa irin kallon da take yi masa in ta tuna soket.

"Kana sona kuwa?"

"Kin sani."

"Da na sani. Yanzu tambaya nake."

Ya nemi amsar a cikinsa. Tana nan, ya san tana nan, kamar kayan aiki a ƙasan jaka, amma hannunsa bai kai ba. Ya ce, "Ina sonki, hasken idona," ya ji muryar tana fita kamar yana karanta mitar lantarki. Ita ma ta ji. Ta karɓi jakarta.

Ba su koma gida da wuri ba, domin miyar tana bukatar lokaci, su kuma babu mai son ganin ƙarshen ranar. Suka biya gidan gwaggonta suka karɓo taliyar da ta murza da babban yatsa, ƙanana masu siffar kunne, aka dafa musu ita a can aka rufe da tawul. Gwaggo ta tambayi ranar biki. Nunzia ta ce a tambayi mai gyaran lantarki. Mai gyaran lantarki ya duba agogo.

Rana ta karkata lokacin da suka shigo layinsu. Ƙamshin ne ya tare su tun daga kwana. Maƙwabciyarsu Carmela tana leƙowa ta taga, hanci a sama.

"Daga gidanku ne, Cosimo? Na ɗauka mafarki nake!"

"Na'ura ce, Inna Carmela!"

"Na'ura? To a ba ta miji!"

Cataldo yana zaune inda suka bar shi. Ƙyallen yana kan murhu. Farar tukunyar tana kan kanta, murfinta ya yi gumi. Abu ɗaya ne ya canza, an shimfiɗa farin zane a tebur, an jera faranti uku.

Nunzia ta tsaya tana kallon farantan. Sannan ta ɗaga murfin, tururi ya buge ta.

Miyar ta yi duhu, ja mai kusan baƙi, mai ya taso ya kwanta a sama. Ta sa cokali, cokalin ya tsaya.

"Ikon Allah... A gida ba ta yin kauri haka. Ruwa-ruwa take fitowa."

"Iskar gidan nan ce," in ji Cataldo.

"Ka buɗe, ko?"

"Ni? Na ga kamar na saba karya doka?"

Ta zuba wa taliyar miya, ta barbaɗa cuku, ta fara ajiye na tsohon. Suka zauna. Cosimo ya manta yadda kujerarsa take ƙara in an ja ta. Babu wanda ya ɗaga cokali, suna jiran mai gida.

Cataldo ya ɗiba, ya tauna a hankali, ya haɗiye. Ya ƙara. Ya gutsuri burodi ya share gefen faranti.

"Gishiri ya yi," ya ce.

Daga bakinsa, wannan kusan waƙar yabo ce. Nunzia ta sa hannu ta rufe bakinta.

Cosimo ya kai loma. Ya ji tumatir, ya ji rago. Sai haƙorinsa ya ci karo da wani abu mai taushi da danƙo. Ya zaro shi. Ɓawon cuku ne, wanda ya dahu har ya yi laushi. Mahaifiyarsa ba ta taɓa zubar da ɓawon cuku ba, cikin miya take jefa shi, kuma kullum a farantinsa yake ƙarewa, tun yana ƙarami, tana cewa tsautsayi ne.

"Ke kika sa wannan?"

Nunzia ta leƙa. "A'a."

Suka dubi tsohon tare.

"Sau ɗaya na ɗaga murfin," in ji Cataldo, idonsa a faranti. "Ɗaya tak. A kai ni kotu."

Cosimo ya so ya yi dariya. Abin da ya fito ba dariya ba ce. Ya fito da ƙarfi, da wani irin sauti marar kyau, kamar famfon da aka daɗe ba a buɗe ba. Ya kifa kai a kan farin zanen yana kuka, ƙato da shi, da furfura a gemu, ɓawon cuku a hannu.

"Mimino... Mimino, rabin raina..." Nunzia ta zagayo ta rungume kansa, ita ma tana yi.

"Kar ki tafi," ya ce cikin rigarta. "Kar ki je Torino. Sanyi ne da su, kuma ba su iya miya ba... Nunzia, don Allah!"

"To ka faɗa masa!"

Ya ɗago, hanci yana zuba. "Baba..."

"Na ji," in ji kurman. Ya warware zaren naɗin nama da yatsunsa lanƙwasassu, ya ajiye a gefe. "Ka je ka ga limamin coci. Yau, ba gobe ba. Ke kuma, 'yar nan, ki kawo kayanki. Ki haɗo da wutsiyar tukunyarki, na ga tana da amfani." Ya tauna. "Wa ya sani. Zamani ne. Mutum ya tsaya tun asuba yana juya miya, ashe wahalar banza ce."

"Na faɗa maka, Baba!" Nunzia tana share ido tana dariya. "Ita kaɗai take yi!"

"Ita kaɗai," in ji Cataldo. Ya miƙa farantinsa a ƙara masa. Akwai sabon jan tabon ƙuna a gefen babban yatsansa.

Bayan an gama, Nunzia ta fita tsakar gida ta kira yayarta. Tsohon ya ce zai ɗan kishingiɗa, bayansa na ciwo, wai zama ne ya yi masa yawa.

Cosimo ya kwashe faranti. A bayan kwandon shanya kwanuka ya ga tukunyar ƙasar da mahaifinsa ya gina wa mahaifiyarsa shekarar aurensu, an kife ta, ruwa yana ɗiga daga bakinta. Kusa da ita ga cokalin katako, a jiƙe. Ƙyallen kan murhu yana nan, sai dai an shimfiɗa shi baibai.

Ya bi igiyar farar tukunyar da hannu don ya cire ta, har ya kai bango.

A mataccen soket ɗin jikin taga take.