Azurfar da Goggo Zenzi Ta Goge

"Kowa ya kwanta!" Wendelin ya daka tsawa, bindiga a hannunsa.

Kowan kuwa mutum ɗaya ne, tsoho Alois mai shagon tsoffin kuɗi a Vaduz, babban birnin wata 'yar mitsitsiyar ƙasa a Turai, yana cin abincin rana.

"Gwiwata ba ta lanƙwasuwa, ɗana."

Gebhard, ogan tafiyar, ya fasa akwatin gilashi — tas! Ya kwashe kuɗin azurfa masu hoton kan yarima, bugun shekara ɗari uku, sun yi baƙi ƙirin don tsufa.

"Mu fece!"

Tuni 'yan sanda sun tare gadojin kogin Rhein na kan iyaka. Ƙasar da mai keke ke ƙurewa kafin la'asar, ina za a gudu? Suka haura dutse.

"Ɓoye su," in ji Gebhard. "Litinin dillali zai zo daga Zurich. Ko ɗaya ta yi ƙafa, sai na fasa maka kai."

Wendelin ya cusa jakar a kabad ɗin Goggo Zenzi, wadda ta raine shi. Wawan ya manta Asabar ce ranar goge-gogenta, matar da ko makullin ƙofa ba ta ƙyalewa.

Ya dawo ya tarar da kuɗin jere a tebur, suna ɗaukar ido.

"Ƙazamin yaro!" in ji Goggo. "Wuni na yi ina dirza."

Ya tattara su ya mayar cikin jakar.

Ran Litinin a bukkar makiyaya, dillali ya duba ɗaya, ya tuntsire da dariya.

"Baƙin nan ai shi muke saye! Wa ya kankare shekara ɗari uku? Ku kai wa maƙerin cokula ya narkar."

Gebhard ya zaro bindiga. "Shege! Ka musanya, ko? Wa ya taɓa jakar?"

Wendelin ya san suna ɗaya zai ambata ya tsira, bindigar ta koma gidan tsohuwa.

"Ni na goge, oga."

Tau! Harsashi ya tarwatsa masa ƙugu. Dillali ya arce, yana sauka ya kira 'yan sanda.

Gebhard ya sha shekara goma sha biyu, Wendelin shida da ɗingishin har abada. Alois ya karɓi kayansa ya fashe da kuka, abin tausayi.

A kotu alƙali ya tambayi Goggo Zenzi ko tana da magana.

"Akwai, ranka ya daɗe. Har yau ba wanda ya ce mini sannu da aiki."