Gawar Illo a Yadin Leburori

Hantsi bai gama dubawa ba aka kawo wa Sufeto Ɗanmusa labari a barikin Isa, wai an tsinci gawa a yadin leburorin hanya, an fasa mata kai da diga.

Shekarar da aka gama babban yaƙi ce. Gero ya yi tsada, leburorin gwamnati masu aikin hanyar Isa zuwa Sabon Birni suka ce ko a ƙara musu, ko hanya ta gina kanta. Ƙungiyarsu ta ajiye aiki, suka tare a ƙofar yadi. Sun yi rantsuwa babu mai taɓa kayan gwamnati, ko da tsinke ne. Matan gari kuma suka daina sayar wa duk wanda ya shiga ciki fura.

Da abin ya ishi Baturen ayyuka, sai ya tura helmansa Kalilu, mai sa leburori aiki, ya kwaso sababbin mutane daga Burkusuma. Su suna kwana bakin gulbi wurin gada. Babbansu, Illo, shi kaɗai ke gadin sito a yadi, shi ne kuma yanzu kwance cikin jini.

Kafin Sufeto ya iso, Bature ya riga ya gama tasa shari'ar. Ya sa 'yan doka sun ɗaure Sodangi, shugaban ƙungiya, ya ce motar Sakkwato za ta tashi da la'asar da shi a ciki. Kowa ya san wanda aka kai can da laifin kisa a irin wannan lokaci, igiya ce rabonsa.

Masu yajin aiki ba su ba Sufeto hanya ba sai da ya tsallake ƙafafunsu. Wani ya tofar da yawu kusa da takalminsa, ya yi kamar bai gani ba.

Kalilu ya tarye shi da rawar jiki, mutum ne mai yawan rusunawa.

"Ranka shi daɗe, da idona nig gane shi. Bayan asuba ina bisa hanya, sai ga Sodangi ya ɗiro ta dangar baya."

"Kai ka shiga yadin?"

"Ni? Tun shekaranjiya sunka hana ni ƙohwa. Ai sai su cinye ni ɗanye."

Sufeto ya duba gawa. Digar na yashe a gefe. A bakin sito kuwa ga wata ƙwarya kife, da ludayi, da ɓurɓushin fura. Ya ɗaga ta ya juya, ya ga zanen ƙuna a gindinta.

Ya iske Sodangi zaune a rana, hannu a baya, dogon Bagobiri mai jan ido.

"An ce ka yi wa Illo barazana gaban jama'a."

"Na yi. Wanda yat taho cin tuwon ɗiyana, albarka za ni sa mai?"

"Bayan nan kun sake magana?"

"Ba ni magana da maciya amana. Da su da karnukan Nasara."

Maganar ta yi wa Sufeto zafi, don ya san da shi ake. Ya haɗiye, ya ɗauki ƙwarya ya nufi bakin kasuwa.

Masu fura suka ga kaki, kowace ta juya baya. Ya bi su yana nuna zanen har ya zo kan wata mai suna Fadima, wadda duk ƙorenta ke ɗauke da irinsa.

"Ban san ta ba," in ji ta.

"To shi ke nan. Da la'asar za a tafi da Sodangi, ke kuwa ki ci gaba da rashin sani."

Ya juya zai tafi.

"Sodangi na yac ce in ba Illo hura cikinta," ta ce a hankali. "Jiya kahin magariba, ta saman danga. Sun shirya. Illo ya yi alkawali yau da sahe shi da mutanenai za su hito su zamna tare da namu. In ba haka ba, ko ruwan wanke ƙwarya ba ni ba shi."

"Wa ya ji?"

"Helma ya wuce bisa keke, ya ga hura ta ƙetare danga. Kowa ya san abin da wanga ka nuhi."

Ashe Sodangi ƙarya ya yi, don kada Bature ya san mutanen Burkusuma sun juya ya huce a kansu. Mutumin da ya samo abin da zai karya Bature kuwa ba zai tashi da asuba ya fasa wa Illo kai ba.

Sufeto ya koma ya zaga yadin ta waje. Sai ya lura rairayin da ke bin danga a share yake tas, babu sawun ko akuya. Ya tambayi wanda ya tofa masa yawu.

"Mu munka share. Kullum da magariba muna jan reshen sabara kewaye, da sahe mu duba sawu, mu san wanda yas sace jiki yas shiga. Yau babu sawun kowa, amma ku ba gaskiya kuka biɗa ba."

Sufeto ya ci gaba da zagaye. Ko'ina zanen reshe ne, manya-manya, a karkace. A bayan sito kaɗai, daga gindin danga zuwa fako, zanen ya zama siriri, a jere. Wani ya shiga ya fita ta nan, ya share sawunsa da tsintsiya. A cikin sito kuma ya ga ƙusar da ake rataye tsintsiyar yadi, babu komai a kanta.

Mai yaji ba zai karya rantsuwa a kan tsintsiya ba, ga sabara ko'ina. Ya sa aka kira helma, ya ce ya raka shi gidansa.

Wata tsohuwa suka tarar tana sharar ƙofar zaure, Kadijatu, mahaifiyar Kalilu. Tsintsiyar hannunta doguwa ce, an ɗaure ta da waya, an shafa mata jan fentin da ake yi wa kayan gwamnati.

"Sannu da aiki, Inna. Ina kika samo wannan mai kyau haka?"

"Yaron ga ya shigo da ita da sahe, ya soke bayan rumbu," ta ce da fara'a. "Shi ba ya yada komi, tun yana ƙarami."

Kalilu ya dubi uwarsa, ya dubi tsintsiya. Ya kashe mutum, amma ya kasa jefar da tsintsiya sabuwa.

"Bature yac ce in mutanen Burkusuma sunka hita, ni ma in bi su," in ji Kalilu. "Na tai in lallashi Illo. Yac ce mani baran Nasara na ni, bara za ni mutuwa. Digar na nan jingine, ban san sa'ad da nid ɗauka ba."

"Sodangi fa?"

"In anka tai da shi, yaji ya mutu."

Tsohuwa ta saki tsintsiya tana tambayar me ta faɗa.

A ƙofar yadi aka kwance igiyar hannun Sodangi aka ɗaura wa Kalilu. Bature ya hau dokinsa ya tafi. Mutanen Burkusuma suka taso daga gulbi, suka ɗauki gawar babbansu, rabinsu suka zauna cikin masu yaji.

Sodangi ya murza wuyan hannunsa. Bai yi godiya ba.

"Sufeto, gobe in Nasara ya ce ka taho ka kore mu da kulki, za ka zo?"

Abin ya yi wa Ɗanmusa ɗaci.

"Za ni zo."

"To, nan za ka iske ni," in ji Sodangi, ya koma ya zauna a bakin ƙofa.